Kazar New Bell da Kwamfutarta

A New Bell aka haifi Fauziya, a gidan da ruwan sama ke shiga ba sallama. Mahaifinta mahauci ne, jikan Katsinawan da suka sauka Douala suka manta hanyar komawa. Shi ya saka ta a makarantar Faransanci, ta fito da yatsu masu gudu kamar yayyafi a kan kwano. Shekara goma sha huɗu ta yi a shagon buga takardu na Alhaji Zailani, tana buga wa mutanen unguwa wasiƙun neman aiki da takardun shiga jarrabawa da suke kira dosiye.

Wata Laraba kwamfutar shagon ta mutu, mutane cike da benci. Fauziya ta ɗauko sukudireba za ta duba. Alhaji ya buge mata hannu.

"Ajiye! Ke kaza ce, tsattsagar maɓalli kawai kika iya. Cikin inji aikin maza ne."

Aka kwashe da dariya, har 'yan bensikin, masu acaɓar garin, da ke fake wa ruwa a baranda. Ta gyara mayafi ta fita, ba ta sake taka shagon ba. Maganar kuwa ta binne ta kamar garwashi a toka, kullum da safe sai ta tona ta hura.

Wata bakwai tana tara kaya ɗaya-ɗaya a wurin Awalu, Bakanon da ke sayar da tsofaffin kayan lantarki a kasuwa. Ta haɗa kwamfutar da hannunta a tsakar ɗaki, ta kunna, ta tashi. Ta bar murfin gefe a buɗe saboda zafi, ta shiga neman wuri. Baranda ta kama, daidai ƙofar Alhaji Zailani, titi kawai ya raba su. Ta shaida wa kowa Litinin za ta buɗe, ranar da ɗalibai ke fara rububin haɗa dosiye.

Asabar da hantsi ta danna maɓalli. Fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin, injin ya yi ƙara uku, ya yi shiru, ya sake uku.

Ta sauya soket. Ta ari wayar wuta a maƙwabta. Ta ɗauki allon ta jona a gidan wata ƙawarta, ya haska lafiya lau. Ta dawo ta cire faifan ajiya, ta cire linzami da allon maɓallai, ta bar injin tsirara. Ƙara uku dai.

A New Bell bango ba ya riƙe magana. Bayan la'asar sai ga Alhaji Zailani a ƙofar gida, da carbi, wai hanya ce ta biyo da shi.

"Fauziya, an ce kaza ta yi ƙwai, ya ƙi ƙyanƙyashewa? Ki ƙara kwanciya a kai, wataƙila ɗumi ne bai isa ba."

"Allah ya kai mu Litinin, Alhaji."

"Amin. Zan sa a fito mini da kujera."

Ya tafi yana dariya. Idan Litinin ta zo injin bai tashi ba, sunan nan zai bi ta har kabari. Zuciya ta fara raya mata cewa da Awalu aka haɗa baki aka sayar mata da matacce. Har ta shirya kalmomin da za ta jefe shi da su a tsakiyar kasuwa.

Lahadi da safe ta zauna a tabarma, ta kwantar da injin a cinya kamar mara lafiya. Abu ɗaya ya rage ba ta taɓa ba: siririyar sandar nan da ake kira ram, mai haƙoran zinariya. Ta ɓalle maƙallanta, ta zaro ta. Sandar ta manne mata a yatsa. Haƙoran sun yi ja, sun yi danƙo. Ta kai hanci. Ƙamshi ya doke ta, ƙamshin ɗakin amarya.

Ta ɗaga kai, sai ga mahaifiyarta, Tsohuwa, tana shigowa da kasko, hayaƙi na tashi.

"Inna, me kika yi wa injina?"

"Me na yi kuwa? Tsari na yi masa. Kin bar cikinsa a buɗe, kowa ya wuce sai ya leƙa, ga bakin Zailani ba na alheri ba. Safe da yamma nake tura masa turaren wuta, kwana tara ke nan. Har humra na ɗan yayyafa masa."

"Humra, Inna? A cikin ordinater? A cikin kwamfuta?"

"To, amarya ma ana yi mata, balle wannan da kika fi so da miji."

Fauziya ta rasa ta yi kuka ko dariya. Ta karɓe kaskon ta kai tsakar gida. Ta ɗauko gom na goge fensir, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya har zinariyar ta dawo. Ta sayo alkol na wanke rauni a kantin magani, ta jiƙa tsohon buroshi ta wanke ramin sandar da allon injin da ke kewaye da shi, ta kafa wa injin fanka har azahar ya bushe. Ta mayar da sandar, ta danna har ta ji ƙas. Ta yi bisimilla.

Ƙara ɗaya. Allo ya haska.

"Kin gani," in ji Tsohuwa, "turaren ya kama."

Litinin Alhaji Zailani ya fito da kujerarsa kamar yadda ya alkawarta. Abin da ya tarar a tsallaken titi shi ne allon katako da zanen jar kaza a tsaye kan maɓallai, ga layin ɗalibai har bakin kwata. Shi da yatsa biyu yake bugawa. Kafin azahar masu jira a bencinsa sun fara tsallakowa.

Da damina ta yi nisa, raɓar Douala ta shiga tasa kwamfutar. Wata safiya ya tsallako da kansa, ba carbi, ya tsaya a gefen layi.

"Fauziya, 'yata, injin nan ƙara uku yake yi, allo baƙi. Ko za ki leƙa mana?"

Ta san ciwon, ta san maganin, gom ɗin ma yana cikin aljihun teburinta. Ba ta ɗaga ido daga allo ba.

"Ayya, Alhaji. Cikin inji aikin maza ne."

'Yan bensikin suka fashe da dariya. Ta ce mai bi ya matso, yatsunta suka ci gaba da tsattsaga.