Ƙararrawa a Wuyan Magen Inna

Jama'a, yau ni da ban taɓa musu da babba ba na ce wa Inna a'a!

Magen kakar tawa ce sila. Jiya gawar tsuntsuwar tsada ta kawo har kan tabarmata. Ga kurciya ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu a bishiyar lemonmu. Ban ce na sani duka ba, amma a makaranta an ce ƙararrawa kan rage ɓarnar mage. Na sayo ƙarama a kasuwar Muda Lawal, na ɗaura mata a wuya.

Sai maƙwabciyarmu Maman Rifkatu ta leƙo tana dariya: "Inna, magenki ta shiga cocinmu ne?"

Inna ta miƙe! "Ke Hafsa, digirin ke nan? Ki kore mini mala'iku da ƙararrawa? Miƙo almakashi!"

Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna, wataƙila..."

Ban rufe baki ba muka ji ƙilin-ƙilin a saman lemo. Mage! Ta kusa kaiwa sheƙa! Uwar ta tashi fir, 'ya'yan kuwa ina za su? Na taka turmi na cafko magen, ta yakushe mini hannu.

Inna ta yanke igiyar ƙararrawar. Ni kuma na shige ɗakina da magen, na murza makulli.

"Fito mini da ita!"

Na ce, "A'a, Inna. Sai 'ya'yan kurciya sun tashi."

Yanzu haka tana buga ƙofa, hannuna na zugi. Zan ciyar da magen, zan kwashe kashinta, amma wallahi ba ta fita.