Usta Mirvosil, Mai Miƙar da Faifai a Rana

Kafin mai gasa samosa na bakin kasuwar tsofaffin kaya ta Tashkent ya hura wuta, Usta Mirvosil (usta laƙabin gwanin sana'a ne a nan) ya riga ya ɗage ƙyauren rumfarsa. Zai ɗora butar shayi, ya ɗauko tsumma mai laushi, ya bi faya-fayan garmaho ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, ko da jiya ya goge su. A tsaye yake jera su, domin a wurinsa wanda ya kwantar da faifai bisa ɗan'uwansa daidai yake da wanda ya kifa burodi, abin da ba a yi a ƙasar nan. Daga nan sai ya zaɓi ɗaya ya ɗora allura, maƙwabtansa masu sayar da tsofaffin famfuna da ƙafafun keke su sha kiɗa, suna so ko ba sa so. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, kuma raina bai ba ni in bar shi ya tafi shiru ba.

Ba mawaƙi ba ne. Matarsa Mastura ta ce ranar da ya gwada rera waƙa a bikin ƙanensa, har kaji sai da suka bar gidan. Kunne Allah ya ba shi. Kowace bazara in aka buɗe bikin kiɗa a tsaunukan gabas da birni, zai hau motar haya da 'yar kujerarsa mai naɗewa da rabin kankana a jaka. Ba ruwansa da babban dandamali inda manya ke hawa da yamma. Ƙaramin yake zuwa, wanda ake bar wa sababbin ƙungiyoyi da tsakar rana, lokacin da kowa ya gudu inuwa. Sau da yawa shi kaɗai ne mai sauraro, in ka cire mai gadi da awaki. In suka sauko sai ya ce su same shi a rumfa ranar Lahadi, kuma duk wanda ya je zai zaro masa wani tsohon faifai ya ce, "Ga kakanku, ku gaisa. Abin da kuke ta fama ku ƙirƙiro, ya yi shi tun iyayenku na wasan ƙasa." Wasu su tafi da fushi, amma akasari mako na zagayowa sun dawo neman wani kakan.

Aikin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne miƙar da faifan da zafi ya lanƙwasa. Zai wanke shi tas, ya sa shi tsakanin gilashi biyu masu kauri, ya fitar da shi rana a cikin chilla, kwana arba'in ɗin nan da zafi ke hana ko kare fita. Ranar da ta lanƙwasa shi ita ce za ta miƙar da shi, amma in ya wuce lokaci ko da kaɗan, layukan da murya ke ciki sai su narke. Ba ya aiki da agogo, tafin hannu yake ɗorawa a gilashin ya ji. Sau ɗaya ya taɓa kuskure, yana matashi, hirar ƙwallo ta ɗauke masa hankali har faifan wani bawan Allah ya koma sumul. Ya rataye shi a bangon rumfa, daidai inda zai gani in ya ɗaga kai, yana nan har yau.

Bara a ƙaramin dandamalin nan ya ji wata yarinya mai suna Nafosat, ita da abokanta uku masu jita da ganga. Sun yi wata waƙa mai daɗi, baiti ɗaya tak, suka maimaita shi sau uku suka sauka.

"'Yata, ina sauran?" in ji Usta. "Waƙar nan ai ba gurguwa aka haife ta ba."

"Kawu, iyakar abin da kakata ke tunawa ke nan. In tana murza ƙullu take rerawa. Waƙar kakana ce."

Ashe kakan nata, Turgunboy, yana da ƙungiya a da, suna kiɗa a bukukuwan aure. Sau ɗaya aka ɗauki muryarsa, aka buga faifai ɗaya na gwaji, masu tantance waƙa na wancan zamani suka ce jita ta yi yawa, magana ta mutu. Bai daɗe ba ya rasu. Matarsa Hosiyat ta ɓoye faifan a inda muke ɓoye duk abu mai daraja, tsakiyar tulin shimfiɗun auduga da ke bisa adaka. Chilla ta zo, ta kwashi shimfiɗun ta kai soro ta shanya kamar kowace shekara. Sai bayan la'asar ta tuna. Faifan ya tanƙware kamar gefen kwano, allura ba ta iya zama a kai. Shekara talatin da tara ba ta ji muryar mijinta ba, ba ta kuma yafe wa kanta ba.

Da Nafosat ta kawo faifan a naɗe cikin ɗankwali, Usta ya juya shi, ya duba, sannan ya mayar mata. Ciwon suga ya kashe masa tafin hannu, ko butar shayi ya taɓa ba ya jin zafinta sosai. Tsoro ya ji, bai kuma ɓoye ba.

"Na kasuwa in na ɓata, sai in nemo wani. Wannan in ya narke, kakanki ya mutu sau biyu, kuma ni ne na biyun."

Lahadin da ta biyo baya tsohuwa Hosiyat ta zo da kanta, da sandarta, ta zauna a kan akwatin faya-fayai ba tare da an ce ta zauna ba.

"Kai ne ustan da ke tsoron rana?"

"Yaya, hannun ne ya tsufa."

"Ni kuma yarinya ce? Shekarata saba'in da takwas. A yadda yake yanzu ma ba ya magana. In ka ƙona shi, ni na fara ƙonawa, alhakin nawa ne. Sai dai kar ka sa in je lahira mijina ya tambaye ni ina waƙarsa in rasa ta cewa."

Ya karɓa. A gida Mastura ta ce ya ari hannunta, ya ce, "Hannun da ke manna burodi a bangon tanderu? Ke ko garwashi kika riƙe sai an gaya miki." Ta ce to ya nemi wata gaɓar da ta rage masa. Ya zauna yana tunani, can ya shafa fuskarsa.

Maƙwabta da suka leƙo ta katanga sun ga abin da har yanzu suke ba da labari. Dattijo ɗan shekara saba'in a kwance rub da ciki a tsakar gida, rana na dukan ƙeyarsa, ya manna kuncinsa a gilashi ya rufe ido. Mastura na tsaye a ƙofa da tsintsiya, duk wanda ya zo da sallama sai ta ce, "Usta ba ya nan, ga shi can kwance." Bai yarda ya yi shi lokaci ɗaya ba. Da kuncin ya fara zafi sai ya kinkimi gilashin zuwa ɗaki mai sanyi, ya ɗora masa tukunyar dafa shinkafar biki, ya bar shi kwana uku. Sau huɗu ya yi haka. Fatar kuncinsa na dama ta saɓule, mutanen kasuwa suka riƙa tambaya ko Mastura ce ta mare shi.

Ranar da za a saurari faifan, da hantsi, Hosiyat ta zo cikin rigar alharini ta atlas da ta daɗe a adaka. Usta ya ɗora allura. Faifan na juyawa yana ɗan hawa da sauka, amma allura ta zauna. Aka ji ƙara, aka ji jita, sai muryar saurayi ta cika tsakar gidan. Baiti na farko ya wuce, wanda kowa ya sani. Sai mai waƙar ya yi gyaran murya.

"Ga shi nan!" in ji tsohuwa, ta buga sanda a ƙasa. "Sai da na ce kar ya sha ruwan sanyi da safen ranar. Ba ya ji!"

Aka fara dariya, sai baiti na biyu ya shigo, dariyar ta tsaya. Sunanta ne a ciki. Yana kiran Hosiyat, yana cewa ta bar taga a buɗe, zai biyo ta layin bishiyar tut.

Nafosat ta durƙusa gabanta. "Kaka, kin ce kin manta."

"Ban manta ba," in ji ta, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. "Ba a bakina ya kamata a ji shi ba."

Bana ƙungiyar Nafosat ta koma ƙaramin dandamali, da tsakar rana kamar bara, sai dai mutane sun fi awaki yawa. Sun yi waƙar cikakkiya. Tsakanin baiti na farko da na biyu duka kayan kiɗa suka yi tsit na ɗan numfashi, daidai inda Turgunboy ya gyara murya. 'Yan kallo sun ɗauka salo ne. Mutum biyu ne a gaba suka san dalili: tsohuwa a kan kujera mai naɗewa, da mai kujerar a tsaye a bayanta yana riƙe mata lema.

Usta Mirvosil, kai ne ka zauna a rana ka saurari yaran da ba wanda ya san sunansu. Kai ne ka rataye kuskurenka a bango maimakon ka binne shi. Da hannu ya gaza, kai ne ka ba da fuskarka. Sunanka ba ya jikin faifai ko ɗaya, ba a taɓa kiranka dandamali ba, kuma na san in ka karanta wannan za ka ce na cika surutu. Mun gode, likitan faya-fayai. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta, ya ba Mastura haƙurin zama da kai yini guda a gida.

Ku kuma, in bazara ta zagayo, kar ku jira yamma. Ku je ƙaramin dandamali da tsakar rana ku saurari yaran nan har su gama. Kuma kafin ku kai shimfiɗu soro, ku zura hannu tsakiya ku ji ko akwai muryar wani a ciki. Daga ƙarshen watan nan babu wanda zai sake kwanta muku a rana.