Matakin Tsanin da Ya Karye a Hamdara

Ƙanena mai sudur ne, wato walda, a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, ƙofofi da tagogi yake haɗawa. Shi ya yi wa wani ƙauye na Hamdara tsanin hawa tankin ruwa. Tsanin bai shekara ba wani mataki ya karye da mai gadin famfon, ya faɗo, ƙugunsa ya tsage. Danginsa suka ce haɗin ne bai kama ba, in ba a yi musu bayani ba sai kamisariya, gaban 'yan sanda.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga karatun ƙarafa a waje ba. Inna ta aika a kira ni gidanmu na Birni. Na tarar da guntun ƙarfen matakin da ya karye a kan tabarma gabanta, ƙanena tsugune can gefe.

"Ke da kika karanci abin nan, duba ki wanke ƙanenki," in ji ta.

Na ce mata ido ba ya gani. Cikin ƙarfe ƙwayoyi ne ƙanana, kowace da tsarinta. Akwai na'urar da ke harba wa ƙarfen elektaron, wato 'yan ƙwayoyin lantarki, su fantsamo su zana layuka. Inda tsarin yake lafiya layukan kan fito tsaf, inda aka takura ƙarfen sai su dusashe.

"Amma abin da ta nuna shi zan faɗa, Inna."

Ta turo mini guntun.

Babu irin na'urar a Damagaram. Na ba wani Bakano ɗan kasuwa guntun, ya aika wa wata da muka yi karatu tare. Muna cikin jira sai babban ɗan mai gadin ya fara zuwa bakin shagon ƙanena, ya zauna kan dutse, ba sallama, ba zagi. Masu kawo aiki suka ja baya.

Hotunan sun iso wata rana bayan azahar. Na tafi shagon da ordinater, wato kwamfuta, muka shige ciki muka tura ƙofa. Na fara buɗe na wajen haɗin. Layuka tsaf, ƙwayoyi lafiya lau. Ƙanena ya saki numfashi, har ya fara murmushi.

Sai na buɗe na bakin karayar, wadda take ɗan nesa da haɗin. A nan ƙwayoyin sun matse, sun yi tsawo, layukan duk sun dusashe.

"An taɓa lanƙwasa ƙarfen nan, aka miƙar da shi ba wuta," na ce. "Wa ya miƙar?"

Ƙanena ya daina murmushin.

"Na rusasshen gini ne na saya. Ni na buge shi da guduma. Kowa haka yake yi, Yaya." Ya leƙa ta kafar ƙofa, mutumin yana nan kan dutsensa. "Ki ce haɗin lafiya yake, ki tsaya nan. Ai ba ƙarya kika yi ba."

Na ce ba zan riga shi faɗa ba, amma in aka tambaye ni, ba a nan zan tsaya ba.

Ya tashi ya buɗe ƙofar. Na ɗauka korata zai yi. Wajen mutumin ya nufa, ya durƙusa, ina jin yana faɗa masa yadda ya miƙar da ƙarfen.

Ba a je kamisariya ba. Ƙanena ya ɗauki jinyar mai gadin, ya sare tsanin duka ya sake shi da sabon ƙarfe. Mai gadin da sanda yake tafiya har yau. Inna kuwa sai da damina ta wuce sannan ta koma amsa gaisuwata da sakin fuska.