Rabin Fensirin Kawu Sale

Duk wanda ya taɓa kallon fim a falonmu na unguwar New Bell ya san Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ba ya bari a kai minti biyar. Jarumi na leƙowa a talabijin zai nuna shi da cokalin shayi: "Ga akta nan. Za a kira shi ya ƙi, tsoho ya ba shi takobi, tsohon ya mutu, ya kashe shef bandi, ogan 'yan fashi, ya dawo gida. Ku kashe, kuna ɓata wuta." Kai, mutumin nan ya ƙona mana rai! Abin haushin, bai taɓa kuskure ba.

Na taɓa kawo katun ɗin Japan mai kashi-kashi don in kunyata shi. Ya ce shi ba ya kallon 'yan tsana masu ido kamar faranti, ya juya baya ya ci gaba da gyaran agogonsa. Can sai wani dattijo ya yi magana a ciki. Ko waiwayowa Kawu bai yi ba ya ce, "Allah ya jiƙan wannan." A kashi na tara aka binne dattijon.

Abin har titi ya bi shi. Ranar da ruwa ya cika unguwa, kowa na tsallake kwata, shi ya kafe a bakin shago har la'asar. Wai shi tsoho ne, kuma irinsu ake fara rasawa.

Da na samu gurbin koyon zanen katun a Dakar, Baba ya ce 'ya mace ba ta yin nisa don zanen 'yan tsana. Ni ma tsoro ya kama ni, na ce na fasa. Kawu ya yi mako guda yana sammako gidanmu, ya zauna gaban Baba, ba ya cin komai, ba ya kuma yin shiru. Baba ya gaji ya yarda. Sannan Kawu ya kira ni ya ce, "Kin ƙi, an wuce wannan kashin. Ga takobinki." Ya zaro rabin fensirin da yake maƙalawa a kunne. Wallahi ko sabo bai saya ba!

Na ce, "Kawu, to kashin tsohon fa?"

"Ke dai ki yi naki."

Ina shekara ta biyu a can aka bugo mini waya. Na ce muku bai taɓa kuskure ba.

Na dawo gida, ina aiki a unguwar Bonapriso, fensirin yana jakata. A katun ɗin farko da na zana, tsohon yana nan da ransa har ƙarshe, yana shan shayi. Wannan karon kam, Kawu, ka faɗi. Na gode. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka.