Ƙwayar Bom a Ma'ajiyar Sunaye

Har gobe ban manta da ranar da motar iri ta tsaya a ƙofar ofishinmu ba, mu kuwa ba mu da sunan ko manomi ɗaya. Lokacin ni ne mai shigar da bayanai na wata ƙungiyar manoma a yankin Kafur. Ƙa'idar ita ce, sai ka miƙa jerin sunaye da girman gonaki kafin a sauke maka irin masara. In ba jeri, mota ta yi gaba.

Tun da rani tsohuwar laftof ɗinmu ta mutu. Na kai ta Funtua, mai gyara ya buɗe, sai ga kyankyasai sun yi gari guda a ciki. Ya ce ita kam ta tafi, amma had-dis, ɗan ƙarfen da ke riƙe da bayanai, lafiyarsa lau. Ya sa shi a wani ɗan kwanso mai waya, yadda za a riƙa jona shi da kowace kwamfuta.

Na roƙi Alhaji Sakatare, shugabanmu a ofis, ya bari in kwafi sunayen a wani wuri. Alhaji mutum ne da bai taɓa kunna kwamfuta ba, amma bai taɓa rasa ra'ayi a kanta ba. Ya ce sirrin ƙungiya ba a raba shi gida biyu. Ya karɓe abin, ya ce shi ya san maganin kyankyaso.

Ashe a gwangwani ya sa shi, ya jefa ƙwayar bom, wadda muke sa wa a buhun wake don kashe ƙwari, ya like baki da leda kamar mai ajiyar iri. Wata uku cur.

Ranar da mota ta zo, ya fito da gwangwanin yana taƙama. Na ciro had-dis ɗin na jona da wata kwamfuta, shiru. Na duba bakin wayar, duk ya yi baƙi ƙirin, hayaƙin maganin ya cinye ƙarfen. Direba ya ce in aka yi la'asar zai wuce Dandume. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga manoma cike da tsakar ofis.

Alhaji ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Malam Isa, kai ne ba ka iya jonawa ba." Wallahi raina ya ɓaci.

Sai Sarkin Noma Barmo ya miƙe, wani dattijon Bamaguje da Alhaji bai taɓa ba wa kujera ba. Ya ce, "Malam, ɗauko biro. Ai mu ba mu mutu ba."

Ya fara jero sunayen manoma da ka, daga gidan gabas, gida-gida, kowa da gonarsa, har da wanda ya rasu da ɗan da ya gaje shi. In ya yi tuntuɓe, matan da ke bayansa su gyara masa. Kafin la'asar na cika takardu, aka sauke iri.

A rahoton wata, Alhaji ya rubuta cewa da basirarsa aka ceto bayanai. Ni na buga masa rahoton, ban canza ko harafi ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya ke nan: duk abin da aka ce ku ajiye, ku kwafe shi wuri biyu, ko da shugaba ya hana. Sannan in dattijo ya shigo ofis, ku ba shi kujera. Gwangwanin Alhaji dai ya yi aikinsa, ko kyankyaso ɗaya bai shiga ba.