Nafi'u, Wanda Ya Gyara Tafiyar Baffa

Nafi'u ya rasu. Da safen nan ina ɗaura agogo zan fita ofis ƙaninsa ya kira ni. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Motar hayar da ya shiga daga Kafin Hausa ce taya ta fashe mata jiya da la'asar. Ya je haɗa wa wasu ɗalibai kwamfutoci. Ya kwana a asibiti, da asuba rai ya yi halinsa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Nafi'u abokina ne tun muna sakandare, mai gyaran kwamfuta a nan Dutse. Kafin ya koma gyara, ɗaukar bidiyon biki da suna yake yi. Shi ya ɗauki sunan ɗana na fari a garinmu Aujara, kuma a faifan nan ne kaɗai mahaifina, Baffa, yake motsi. Sauran duk hotuna ne, yana tsaye ƙiƙam kamar an tilasta shi.

Baffa ya daɗe da rasuwa. Faifan yana wurin Inna, mahaifiyata, a naɗe cikin ɗankwali a ƙasan akwati. In ta tuna da shi sai ta ciro, ta ɗiga masa turare, ta murje da gefen mayafi. A wurinta girmamawa ce. Ni kuma da na karɓo na ga duk ya karce, sai na bi shawarar 'yan majalisar hirarmu na shafa masa man goge baki.

Ranar da Nafi'u ya gani riƙe kai ya yi.

"Kai da Inna kun taru kun yi wa faifan nan wankan amarya. Daga tsakiya ake sharowa waje, da ƙyalle mai laushi. Ba a zagayawa."

Dalilin ɗauko faifan shi ne idon Inna. Yana tafiya, kuma likita bai ɓoye mana ba, ba dawowa zai yi ba. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙe ni, ta ga Baffa kafin duhun ya gama rufewa.

A falona a unguwar Takur akwai kwamfutar da Nafi'u ya haɗa mini da babbar talabijin da lasifika, don kallon ƙwallo da faifai. Da Inna ta zo, muka sa na Baffa. Hoto ya fito, amma sai ya yi gaba ya maƙale, ya yi tsalle, magana ta riga baki. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe, sannan ta ce, "Ni inuwoyi nake gani suna zabura. Wanne ne shi?"

Ta koma Aujara ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Na ce wa Nafi'u mu tsayar da hoton kawai a kan fuskar Baffa, mu ƙara girmansa. Ya girgiza kai.

"Inna ta wuce ganin fuska. Amma matar da ta yi shekaru tana hango mijinta daga nesa yana dawowa daga kiwo, tafiyarsa za ta gane. In hoton na tsalle, ka cire mata tafiyar."

Ni ɗanta ban yi wannan tunanin ba.

Daga nan ya ɗora wa kansa aikin. In ya rufe shago sai ya biyo, ya zauna a kan tabarma, ya kwance kwamfutar nan. Ya hure ƙurar da ta toshe fankarta. Ya canza abin da ke karanta faifan, ya ciro wani daga tsohuwar kwamfutarsa. Ya sauke manhajar da nake kallo da ita ya sa wata. Ya ce wai akwai ɓangaren da aka yi musamman don hoto yana zaune banza, an bar wa ƙwaƙwalwar kwamfutar kayan ita kaɗai. Duk da haka in kyamara ta juya sai hoton ya riƙa ɗingishi. Ni na gaji, na ce ai ana kallo a haka. Ya ce ni nake kallo a haka.

Haka yake. Mutum ne mai naci har ya ba ka haushi. In ka kai masa gyara sai ya goge maka allon ma, ya yi maka faɗan cin ƙosai a kan madannai.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Litinin ce bayan la'asar. Ya gano faifan da gudunsa, talabijin kuma da nata, sai an daidaita su sun jera. Ya shiga saitin ya taɓa wani abu, allon ya ɗauke ya dawo. Sai ga Baffa ya fito daga zaure, sanda a gicciye a kafaɗa, hannuwa a rataye a kanta, yana tahowa sumul babu ko gargada.

Nafi'u ya yi dariya, ya kwafe bidiyon a cikin kwamfutar don kada a sake wahalar da faifan. Ya ƙi tsayawa cin abinci. A bakin ƙofa yana tayar da babur ya ce, "Ranar da Inna za ta zo ka kira ni. Ina so in ga fuskarta."

Yau ne ranar. Tun farkon mako muka tsayar ƙanwata za ta kawo ta, kuma a ruɗewar safiya ban tuna na hana su tahowa ba. Na dawo daga maƙabarta, ƙasa a ƙafata, na tarar da ita zaune a gaban talabijin tana jira. Ba wanda ya gaya mata.

Na kunna.

Baffa bai yi nisa daga zauren ba ta ɗora hannu a ƙirji. "Ga shi nan. Haka yake jefa ƙafar hagu."

Sai wata murya daga bayan kyamara, wadda da can tsallen hoton yake haɗiye ta, ta fito tar: "Baffa, taho a hankali, ina ɗaukarka."

Inna ta share ido ta ce, "Nafi'u ne wannan. Kira mini shi in sa masa albarka."

Na kasa. Ƙanwata ce ta gaya mata. Inna ta ɗaga hannu ta sa masa albarkar duk da haka.

Allah Ya jiƙan Nafi'u, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ka wuce ba ka yi masa addu'a ba, ko ba ka san shi ba.