Ƙullin Cibiyar Inna Ya Kai Mu Bauchi

Ana idar da sallar asuba muka baro Darazo a motar haya, ni da yayana da Innarmu. Watanni ke nan da wani ƙulli mai tauri ya fito mata a cibiya. Ta yi ta shafa masa man kaɗe tana cewa ƙurji ne. Sai da ya fara tsattsafo da ruwa ta yarda a zo asibiti.

Hanyar ba ta raga mana ba. Duk ramin da muka faɗa sai Inna ta dafe ciki ta ce wa direba, "Ɗan nan, ba buhunan masara ka ɗauko ba fa." Muka yi dariyar yaƙe. Da hantsi muka wuce Tirwun da ke bakin garin Bauchi, sababbin gidaje sun cinye rabin gonakin da na sani.

A asibiti likita ya daɗe yana danna wurin. Ya ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito ya ce, "Ciwon daji ne, amma ba a cibiya ya fara ba. Daga ciki ya taso ya ɓullo nan. Sai mun nemo tushensa."

Gidan gwaggonmu muka sauka a unguwar Ɗan Iya, kullum muna cikin keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Aka yi hoton mahaifa, ba komai. Aka duba hanji, ba komai. Na rasa murna zan yi ko tsoro.

Wata safiya gwaggo ta sayo masar Bauchi mai zafi. Inna, da ba ta wasa da masa, ta ci rabin guda ta ture kwano, wai ta ƙoshi. Da na faɗa wa likita sai ya ce a zura mata na'urar hoto ta maƙogwaro. A tumbi aka sami tushen ciwon. Ya ce ya wuce tiyata, sai maganin da zai rage masa gudu.

Inna ta dube shi. "Likita, zan iya azumin bana?"

Ya girgiza kai a hankali.

A hanyar dawowa yayana bai ɗauke ido daga taga ba, yana share fuska da hannun riga. Ni abin da na koyo: ƙulli a cibiyar babban mutum ba abin jira ba ne, ku kai shi a duba.

Muna isa gida Darazo maƙwabta suka cika zaure. Inna ta ce, "Sun gano shi, alhamdulillahi. Ku shigo ciki, ba zaman makoki ba ne."